Yahudawa: Addininsu da Yadda Suka Zauna a Garuruwan Mutane

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu leƙa wata al'umma ce wadda sunanta ba ya barin bakinmu, amma in aka tsare mutum aka ce ya faɗi abu biyar game da ita sai ya kama sosa ƙeya. Wato Yahudawa. Muna jin sunansu a wurin tafsiri da azumi, muna jin sa a labaran rediyo safe da yamma, kuma in rai ya ɓaci aka so a zagi wani da makirci sai ka ji an ce masa Bayahude, alhali mai zagin ko mai kama da Bayahude bai taɓa gani ba. To, sani ya fi jita-jita. Kuma mu da muke zaune nesa da gida, a unguwar da masu gari suka yanka mana, akwai wurare a cikin labarin nan da ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mu fara da sunan. Annabi Yakubu (AS), jikan Annabi Ibrahim ta wajen Ishaƙa, shi ne ake wa laƙabi da Isra'ila, zuriyar 'ya'yansa goma sha biyu kuwa su ne Bani Isra'ila. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan sunansa Yahuda. Bayan fitowarsu daga Masar a ƙarƙashin Annabi Musa, da zamanin Dawuda da Sulaimanu wajen shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, sai mulkinsu ya dare gida biyu. Na arewa ya riƙe sunan Isra'ila, na kudu mai hedkwata a Ƙudus aka kira shi Yahuda. A shekara ta 722 kafin Miladiyya Assuriyawa suka ci na arewa suka kwashe mutanensa, ƙabilu goma suka narke cikin al'ummu. Waɗanda suka rage su ne mutanen Yahuda, daga nan sunan Yahudawa ya samo asali.

Su ma ba su tsira ba. A shekara ta 586 kafin Miladiyya sarkin Babila, wanda littattafan Larabawa ke kira Bukhtunassar, ya rushe Ƙudus, ya ƙone babban ɗakin ibadar da Sulaimanu ya gina, wato Haikali, ya tasa manyan gari a gaba zuwa ƙasar da yau ake kira Iraƙi. Sai mai karatu ya san matsayin Haikalin nan kafin ya gane girman masifar. Ibadarsu a lokacin yanka ce da hadaya, a wuri ɗaya tak, a hannun limamai 'yan gado daga zuriyar Annabi Haruna. Ana kiran irin wannan limami kohen, kuma har gobe in ka ji Bature mai suna Cohen, to galibi daga wannan gida ya fito. Babu Haikali, babu hadaya. Da Sarkin Farisa Kurus ya ci Babila a 539 ya ba su izinin komawa, suka sake gina ɗakin, aka gama wajen 516. Amma fa da yawa ba su koma ba. Sun yi gidaje, kasuwa ta buɗe, 'ya'ya sun tashi da harshen wurin. Kun san yadda abin yake, an zo cin rani an zarce. Zuriyarsu ta zauna a Iraƙi shekara kusan dubu biyu da ɗari biyar, sai a 1950 da 1951 mafi yawansu suka tashi.

Haikali na biyu Rumawa ne suka rushe shi, a shekara ta 70 Miladiyya, bayan Yahudawa sun yi musu tawaye. Aka sake wani tawayen daga 132 zuwa 135 a ƙarƙashin wani mai suna Bar Kokba, Rumawa suka murƙushe shi da kisa mai yawa, suka hana Bayahude zama a Ƙudus, suka ma sake wa birnin suna. Abin da ya rage na wancan gini shi ne katangar da ta tokare dandalin ta yamma, wadda suke zuwa addu'a a gindinta. Musulmi na kiranta Bangon Buraƙa, a saman dandalin kuwa Masallacin Aƙsa yake. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa rigimar wurin ba ta da sauƙin kashewa.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi ban mamaki. Al'ummu nawa aka rushe musu birni da wurin bauta suka ɓace ko suna ba a ji? Su waɗannan malamansu ne suka cece su. Wani malami, Yohanan ɗan Zakkai, ya kafa makaranta a wani ƙaramin gari mai suna Yabne, shi da almajiransa suka sake wa addinin tsari yadda zai rayu ba tare da Haikali ba. Addu'a ta maye gurbin hadaya, malami ya maye gurbin limamin gado, majami'a ta unguwa ta zama wurin taruwa. Malaminsu shi ake kira rabbi, kuma da karatu ake zama shi, ba a gadonsa. Wajen shekara ta 200 aka tattara hukunce-hukuncen da ake karɓa baki da baki a littafi mai kashi shida, sunansa Mishna: noma, bukukuwa, aure da saki, ciniki da diyya, hadaya, sai tsarki. Malaman baya suka yi ta sharhi da muhawara a kansa shekaru ɗaruruwa, aka haɗa aka samu Talmud, wanda mafi shahararsa a Babila aka kammala shi wajen ƙarni na shida. Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai ji baƙunta ba in aka fassara masa shafi guda: malam wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, ga hujjar wannan ga ta wancan. Har ra'ayin da aka kayar ba a gogewa, ana barinsa a rubuce. Dokar addinin gaba ɗaya suna kiranta halaka, kada a ruɗe da halaka tamu ta Hausa, ma'anarta a harshensu tafiya ko hanyar da ake bi.

Harshen nasu Ibrananci ne, ɗan'uwan Larabci na jini. Daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, baƙaƙensa 22. Su ce shalom, Balarabe ya ce salam. Su ce tsedaka, mu ce sadaka. Babban littafinsu ya ƙunshi littattafai 24, kashi uku: Attaura mai littafi biyar, sai littattafan annabawa, sai sauran rubuce-rubuce waɗanda Zabura ke ciki. Shi ne Kirista suka ɗauka suka kira Tsohon Alkawari. Attaurar da ake karantawa a majami'a da hannu ake rubuta ta a kan fata, a naɗe ta kamar tabarma, kuma in harafi ɗaya ya ɓaci ba a karatu da ita sai an gyara.

To, me suka yi imani da shi? Allah ɗaya, ba shi da abokin tarayya, ba shi da siffar jiki, ba a yi masa gunki ko hoto. Akwai addu'ar da ake kira Shema wadda ke shelar wannan kaɗaitaka, ana karanta ta safe da dare, ita ake koya wa yaro da fari, ita ake so ta zama kalmar ƙarshe a bakin mai mutuwa. Sunan Allah mai harafi huɗu da ke cikin Attaura ba sa furta shi saboda girmamawa, a hira sai dai su ce Hashem, wato Sunan. Sun ɗauka akwai alkawari tsakanin Allah da Bani Isra'ila, wanda ya ɗora musu umarni 613, guda 248 na aikatawa, 365 na hani. Annabi Musa shi ne mafi girman annabawa a wurinsu. Ba su karɓi Annabi Isa a matsayin Almasihu ba, ba su kuma karɓi annabcin Annabi Muhammadu (SAW) ba, nan ne babbar mararrabarsu da Kirista da Musulmi. Masu riƙo da tsohuwar aƙida har yanzu suna jiran Almasihu, mutum ɗan Adam daga zuriyar Dawuda. Wani abin lura shi ne ba sa fita wa'azin jawo mutane cikin addininsu. A koyarwar malamansu, wanda ba Bayahude ba in ya kiyaye dokoki bakwai da aka ba zuriyar Nuhu, irin su barin bautar gumaka da kisa da sata da zina, yana da rabo a lahira. Kuma ta wajen uwa ake gadon Yahudanci. Uwa Bayahudiya, ɗa Bayahude, ko uban wane ne.

Yanzu bari mu shiga kicin, domin a nan ne addinin ya fi zama, kuma na san mahautanmu da dillalan kara za su so jin wannan. Abincin da ya halatta suna ce masa kosha. Dabba ba ta halatta sai ta haɗa abu biyu, tana tuƙa kuma kofatonta a rabe yake. Saniya da tunkiya da akuya sun shiga. Alade ya fita. Raƙumi ma ya fita, haka zomo da doki. Ba kowa ke yanka ba, sai wanda ya yi karatun abin aka ba shi izini. Wuƙarsa doguwa ce, kafin yanka sai ya bi kaifinta da farce, in ya ji ɗan gibi ko kaɗan ne ba za a yi da ita ba. Bayan yanka a buɗe ƙirji a duba huhu, in an ga wata illa an bar naman ke nan. Sannan a jiƙa nama a barbaɗe shi da gishiri don ya tsotse jini, domin jini haramun ne gare su. Akwai wata jijiya a cinya da ba sa ci, suna danganta hanin da wani abu da ya sami Annabi Yakubu, kuma saboda wahalar zare ta, a ƙasashe da yawa sai su sayar wa waɗanda ba Yahudawa ba cinyoyin baya gaba ɗaya. Ka ga da a kasuwarmu ne, da an samu abokan ciniki.

Wanda ya fi ba Bahaushe mamaki shi ne hanin haɗa nama da nono. Tuwo da miyar nama a kwarara man shanu a kai, wannan da muke ji da shi, a wurinsu ba ya ciwuwa. Wanda ya ci tsire ba zai kora da fura da nono ba sai ya jira sa'o'i, wasu har shida. Gidan masu tsanani tukwane biyu ne, kwanuka biyu, cokula biyu, na nama daban na nono daban. A ruwa kuwa sai kifi mai ɓawo a jiki irin wanda ake kankarewa, kamar karfasa. Tarwaɗa ba ta shiga, balle ƙaguwa da jatan lande. Amma wasu nau'o'in fara sun halatta, Yahudawan Yemen sun daɗe suna cin abarsu. Giyar inabi kuma ba haramun ba ce gare su, da ita ma suke buɗe bukukuwansu.

Sai ranar hutu. Kalmarmu ta Asabar daga Larabci ta zo, kuma tushenta ɗaya da Shabbat ta Yahudawa. Tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar. Uwar gida ta kunna kyandir kafin magariba, iyali su taru a ci abinci. Daga nan an ajiye aiki iri 39 da malamai suka lissafa: ba hura wuta, ba dafuwa, ba rubutu, ba ɗinki, ba ɗaukar kaya daga gida zuwa titi. Ciniki ma babu. Masu tsanani a yau ba sa tuƙa mota, ba sa taɓa makunnin lantarki ko waya. Amma in rai na cikin haɗari, duk dokar ta faɗi, a ɗauki mara lafiya a kai shi asibiti.

Ku lura da abin da waɗannan dokoki ke haifarwa. Mutumin da ba zai hau abin hawa ran Asabar ba dole gidansa ya kasance inda zai taka da ƙafa zuwa majami'a. Addu'arsu sau uku ce a yini, suna fuskantar Ƙudus, kuma ta jam'i ba ta tsayuwa sai da balagaggun maza goma. Yana bukatar mahaucinsa, da mai yi wa ɗansa kaciya ran kwana takwas da haihuwa, da malamin da zai shirya yaron kafin ya cika shekara 13 ya ɗauki nauyin addini, da maƙabartarsa, domin su ma wanka suke wa mamaci su sa shi a farin likkafani su binne da wuri, iyali su yi zaman makoki kwana bakwai. Saboda haka duk garin da suka sauka, tun kafin wani sarki ya tilasta musu, unguwa guda suke haɗuwa. A Babila har shugaba suke da shi wanda sarakuna suka sani, Larabawa na kiransa Ra'asul Jalut, shugaban mazauna baƙunta, shi ke tsayawa tsakanin jama'arsa da fada. Mai karatu ya san sunan irin wannan kujera a wajenmu.

Kalandarsu ta wata ce, amma sau bakwai a cikin kowace shekara 19 suna ƙara wata guda, don haka bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani kamar yadda azuminmu ke yi. Shekararsu ta 5786 ta kama a watan Satumba na 2025. Babban bikin gida shi ne Fesa, na tunawa da fita daga Masar, mako guda ba a cin gurasa mai yisti. Ranar da ta fi kowace girma ita ce Yom Kippur, ranar neman gafara, azumin sa'a 25 ba ci ba sha. Akwai kuma bikin bukkoki, inda kowane gida ke kafa bukka a tsakar gida a riƙa cin abinci a ciki kwana bakwai, don tuna zaman jeji na zamanin Musa.

Labarinsu da Musulmi ya fara tun Madina, inda Hijira ta tarar da manyan ƙabilunsu uku, Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza. An yi yarjejeniyar zama tare, daga baya ta warware, aka fitar da biyun farko daga gari, ta ukun ta ƙare da kashe mazanta bayan yaƙin Khandaƙ, sannan aka ci Khaibara a 628. Malamanmu sun yi bayanin wannan a littattafan sira, ba sai na maimaita ba. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne shekaru fiye da dubu da suka biyo baya. A daulolin Musulunci Yahudawa sun zauna a matsayin ahlul zimma, suna biyan jiziya, ana kare rayukansu da dukiyarsu da ibadarsu, suna da alƙalansu, amma darajarsu a ƙasa take da ta Musulmi, kuma daɗin zaman ya danganta da halin mai mulki. A Bagadaza da Alƙahira da Ƙurɗuba ta Andalus sun yi fatauci da likitanci da rubutu. Wani malaminsu haifaffen Masar, Sa'adiya Ga'on, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci. Mafi shahararsu shi ne Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba. Tsananin daular Muwahhidun ya kori iyalinsa daga Andalus, suka bi ta Fas har Masar, inda ya zama likita a fadar gidan Salahuddin, ya rasu a 1204. Shi ya tsara aƙidar Yahudawa a ginshiƙai 13. Da yawan littattafansa da Larabci ya rubuta su amma da baƙaƙen Ibrananci, wato dai ajaminsu ke nan. Rayuwar mutumin nan ita kaɗai ta nuna fuska biyun: wani sarki Musulmi ya kore shi, wani ya ɗaukaka shi.

A Turai ta Kirista abin ya fi muni nesa ba kusa ba. An ɗora musu laifin kashe Almasihu, an hana su mallakar gona da shiga sana'o'i da dama, aka bar musu bayar da bashi da ruwa wanda coci ta hana mabiyanta, sannan aka dawo aka tsane su a kan sana'ar da aka tura su ciki. Mayaƙan Salibi sun karkashe su a garuruwan Jamus a 1096. Ingila ta kore su a 1290, Faransa a 1306, Sifen a 1492, shekarar da daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi. Waɗanda aka kora daga Sifen da yawa Maroko suka nufa da ƙasar Turkawa, inda Sarki Bayazid na biyu ya buɗe musu ƙofa. A birnin Benis na Italiya, a 1516, aka killace su a unguwa mai ƙofa da ake kullewa da dare, sunanta geto, kuma daga nan kalmar ta bazu a duniya. Unguwar da mutum ya zaɓa don ya ji ɗumin 'yan'uwansa, da wadda aka kulle shi ciki, a ido kamarsu ɗaya. Ranar tashin hankali ake gane bambanci, kuma a duka biyun masu neman ka sun san inda za su same ka.

Akwai inda tarihin nan ya gogi namu. Yahudawan Maroko suna cikin fataucin Sahara, a Sijilmasa da dausayin Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, hanyar da zinariya da gishiri ke bi. Shahararriyar taswirar nan ta 1375 mai hoton Mansa Musa na Mali riƙe da curin zinariya, ana danganta zanenta ga wani Bayahude ne na tsibirin Mayorka mai suna Abraham Kireskas. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antoniyo Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana cewa Yahudawa na da yawa a wurin, suna zaune lafiya a ƙarƙashin kariyar manyan gari. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sai ga Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan. Shi a ganinsa Yahudawan Tuwat sun wuce iyakar zimma, sun shige jikin masu mulki, don haka kariya ta faɗi kuma a rushe majami'arsu ta garin Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka zo a rabe, wasu na nan wasu na can. Al-Maghili ya riƙe fatawar da ta goyi bayansa, wajen 1492 mutanensa suka rushe majami'ar, aka kashe wasu, saura suka watse, zaman ƙarnoni ya ƙare.

Wannan al-Maghili shi ne dai wanda ya ƙetaro Sahara ya zo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan tsarin sarauta, wadda har yau ake ambato. Daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda ya ga Tumbutu a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa sarkin wurin ba ya barin Bayahude ya zauna a birninsa. Malamin da muke girmamawa kan abin da ya kawo wa Kano, a tarihin Yahudawan Sahara shi ne mutumin da ya tashe su, kuma tun a zamaninsa akwai malamai Musulmi da suka ce masa bai yi daidai ba. Sai wajen 1860 wani malami ɗan kasuwa daga garin Akka na kudancin Maroko, Mordekai Abi Serur, ya samu ya zauna a Tumbutu, ya jawo 'yan'uwansa har suka cika goman da ake bukata don addu'ar jam'i. Zaman bai daɗe ba.

Zamanin baya-bayan nan an fi saninsa, don haka zan taƙaita. A ƙarni na 19 addinin ya rabu: masu riƙo da tsohuwar hanya, da masu sassauci da suka fara a Jamus, waɗanda a yau har mata ke zama malamai a cikinsu, da masu tsaka-tsaki. Akwai kuma ɗimbin Yahudawa da ba sa ibada sam, amma suna lissafa kansu a cikin al'ummar. Hare-haren da aka yi ta kai musu a daular Rasha daga 1881 sun tura kimanin miliyan biyu zuwa Amurka. A 1897 wani ɗan jarida, Tiyodo Hazal, ya tara taro a birnin Basel na Suwizalan, aka kafa ƙungiyar Sahayoniya mai neman ƙasa ta Yahudawa a Falasɗinu. Malaman addini da yawa a lokacin sun ƙi abin, suna cewa komawa sai Almasihu ya zo. Ingila ta yi musu alkawari a 1917. Sannan Jamus ta Hitila ta kashe Yahudawa kimanin miliyan shida a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkansu a duniya, da harbi da yunwa da iskar guba. A 1948 aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, aka hana su komawa. A shekarun da suka biyo baya Yahudawan ƙasashen Larabawa su ma suka tashi, wasu da kora wasu da tsoro wasu da son ransu. Maroko da ke da kimanin 250,000 a 1948, 'yan dubbai kaɗan suka rage. Na Habasha, baƙaƙen fata kamar ni da kai, an kwashe fiye da 14,000 da jiragen sama cikin kwana biyu a 1991.

A ƙiyasin shekarun 2020, Yahudawan duniya duka ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, kusan rabi a Isra'ila, mafi yawan saura a Amurka. Ƙasar Isra'ila hukuma ce mai sojoji da 'yan siyasa, Yahudanci kuwa addini ne da ya girme ta da shekaru dubbai. Gaskiya ne yawancin Yahudawa na goyon bayan wanzuwar ƙasar, amma akwai masu tsananin addini da har yau ba su yarda da ita ba, kuma da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, cikin masu zanga-zangar adawa da shi a biranen Amurka akwai Yahudawa.

A nan gida, Sardauna ya ƙi karɓar taimakon Isra'ila ga Jihar Arewa, alhali Yamma da Gabas sun karɓa, har wani mai zanen gini daga can, Ariye Sharon, ya tsara harabar Jami'ar Ife. Kada a haɗa shi da janar ɗin nan mai kusan irin sunansa. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1992. Sai kuma maƙwabtanmu Ibo. Tun a 1789 Olauda Ikwiyano, wanda aka sayar bawa ya 'yantu ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya kwatanta al'adun Ibo da na Yahudawa, musamman kaciya da wankan tsarki. A yau akwai Ibo da suka bar coci suka rungumi Yahudanci sosai, suna da majami'u a Abuja da Fatakwal da wasu garuruwan Gabas, suna koyon Ibrananci, suna kiyaye Asabar. Waɗannan daban suke da cocin nan masu fararen kaya da ke ibada ran Asabar, domin su masu fararen kayan galibi sun yi imani da Annabi Isa. Hukumar malaman addini ta Isra'ila dai ba ta amince cewa Ibo Yahudawa ne ta jini ba. Wanda ke son a lissafa da shi sai ya bi hanyar da kowane baƙo ke bi, ya yi karatu, ya tsaya gaban malamai uku su yi masa tambayoyi, sannan ya yi wankan shiga addini.